Inuwa, Ruwa da Bakin Magana: Yadda 'Yan Ƙwadagon Tumatir na Immokalee Suka Tsare Lafiyarsu a Gona

Tsakure

Wannan maƙala ta bi sawun wata ƙungiya ta 'yan ƙwadagon gona da ke garin Immokalee a jihar Fulorida ta Amurka, daga kafuwarta a 1993 zuwa shekarar 2024. Ta duba irin haɗarin da ke tattare da tsinkar tumatir, da dalilin da ya sa dokokin gwamnati suka gaza kare masu wannan aiki, da kuma hanyar da su da kansu suka ɓullo da ita. Abin da take son tabbatarwa shi ne, ruwan sha da inuwa da kariya daga maganin feshi sun isa gonakin nan ne lokacin da ɗan ƙwadago ya samu damar buɗe baki ba tare da ya rasa abincinsa ba, mai gona kuma ya tabbata cewa take haƙƙi zai rufe masa kasuwa.

Riga mai jini

A wata rana cikin 1996, wani matashi ɗan asalin Gwatamala ya shigo ofishin ƙungiyar 'yan ƙwadago a Immokalee jina-jina. Laifinsa shi ne ya ajiye bokiti ya tafi shan ruwa ba da izinin mai kula da aiki ba. Duka a gona ba baƙon abu ba ne a garin a wancan zamani, kuma yawanci wanda aka daka yakan haɗiye ne ya koma bakin aiki da safe. Wannan karon sai aka yi wani abu dabam. Da dare ɗaruruwan ma'aikata suka yi jerin gwano zuwa ƙofar gidan ɗan kwangilar da yaron ke yi wa aiki, rigar tana ɗage a gabansu, suna faɗin cewa wanda ya daki ɗaya ya daki kowa. Da gari ya waye, motar ɗan kwangilar ta zo filin da ake ɗibar ma'aikata, ba wanda ya shiga.

Ƙungiyar ta adana rigar. Mai nazarin lafiyar ma'aikata kuwa, abin da zai lura da shi a labarin shi ne cewa ruwa yana nan a gonar. Ikon sha ne babu.

Garin da tumatirinsa

Immokalee, wanda ake furtawa Imokali, ƙaramin gari ne a gundumar Collier, kudu maso yammacin Fulorida, tafiyar ƙasa da sa'a guda a mota daga Naples, ɗaya daga cikin biranen attajiran Amurka. Lokacin hunturu, sa'ad da ƙanƙara ta rufe gonakin arewa, kusan duk ɗanyen tumatirin da ake nomawa a fili cikin ƙasar daga Fulorida yake fitowa. Ana tsinke shi tun yana kore shar, a kai shi rumbu a busa masa iskar etilin don ya yi ja, sannan manyan motoci su rarraba shi kantuna da gidajen abinci.

Masu tsinkar 'yan ci-rani ne: daga Meziko, daga Gwatamala, daga Haiti. Da yawa daga cikinsu ko Sifaniyanci ba shi ne harshensu na gida ba, domin suna magana ne da harsunan Mam da Kanjobal da Mistek da makamantansu. Wasu ba su da takardun zama. Tun da asuba ake taruwa a wani filin ajiye motoci a tsakiyar gari, ɗan kwangila ya zaɓi waɗanda yake so ya loda a bas.

Aikin jinga ne. Bokiti guda yana ɗaukar fam 32, wato kilo 14 da rabi, kuma shekara da shekaru ladansa bai wuce santi 40 zuwa 45 ba. A kan santi 40, wanda yake son ya tashi da dala 50 a yini sai ya cika bokiti 125, abin da ya haura kilo 1,800. Kowane bokiti sai an cika shi a duƙe, a saɓa a kafaɗa, a yi gudu da shi zuwa mota, a cilla wa wanda ke sama, a karɓi alamar shaida, a koma da gudu. A dā ba a karɓar bokiti sai ya yi tozo, abin da ma'aikatan ke kira kopete, kuma wannan tozon, wanda ya kai kusan kashi goma cikin ɗari na awon, kyauta ake yin sa.

Abin da ke cin jikin ɗan ƙwadago

Zafi ne kan gaba. Jikin mutum yana sanyaya kansa da gumi, amma a iska mai laima irin ta Fulorida gumin ba ya bushewa, don haka zafin cikin jiki sai ya yi ta hawa. Idan ya haura digiri 40 a ma'aunin Salsiyos, hankali yakan gushe, gaɓoɓi su fara tsayawa, mutum ya iya mutuwa kafin a kai shi asibiti. Cibiyar hana yaɗuwar cututtuka ta Amurka, CDC, ta wallafa a 2008 cewa tsakanin 1992 da 2006 masu aikin gona 68 ne zafi ya kashe, kuma haɗarin irin wannan mutuwa a gare su ya kusa ninka na sauran ma'aikatan ƙasar sau ashirin.

Wanda bai faɗi ba ma bai tsira ba. Masu bincike daga Jami'ar Emory sun haɗa kai da Ƙungiyar Ma'aikatan Gona ta Fulorida, mai hedikwata a Apopka, suka auna jini da fitsarin ma'aikata 192 kafin aiki da bayansa. Sun tarar fiye da rabi suna isa gona da ƙarancin ruwa a jiki tun da safe, da yamma kuma adadin ya kai kashi 81 cikin ɗari. Ɗaya cikin uku ya nuna alamar rauni a ƙoda aƙalla rana guda cikin kwanakin da aka auna shi. A nan jinga ke shigowa: mai aikin yini zai iya tsayawa ya sha ruwa, mai aikin jinga kuwa duk mintin da ya tsaya kuɗi ne ya zube daga aljihunsa. Idan banɗaki yana can ƙarshen gona, sai ya rage shan ruwan da gangan don kada fitsari ya matse shi.

Sai maganin feshi. Ƙasar kudancin Fulorida rairayi ce, ga laima, ga ƙwari da cututtukan shuka da ba sa mutuwa domin babu sanyin da zai kashe su. Noman tumatir a can ya dogara kacokan kan taki da feshi. Wasu magungunan ƙwarin suna toshe wani sinadari da jijiyoyi ke buƙata, sai mutum ya ji jiri da tashin zuciya da dalalar miyau da dishi-dishi, alamun da ake saurin ɗauka gajiya ce kawai. Kowane magani yana da wa'adin da doka ta ce a jira kafin a sake shiga gonar da aka fesa, amma ma'aikacin da bai san sunan maganin ba, bai iya karanta Ingilishi ba, ba shi da yadda zai san wa'adin ya cika. Tsakanin ƙarshen 2004 da farkon 2005, mata uku da suka yi aiki da ciki a gonakin wani kamfanin tumatir guda suka haifi jarirai masu naƙasa mai tsanani cikin makonni takwas. Ɗaya ya zo duniya babu hannuwa babu ƙafafu, ɗaya kuma ta rasu bayan 'yan kwanaki. Binciken jami'an lafiya bai iya yanke cewa maganin ne musabbabi ba, amma ya nuna an sa matan aiki a gonaki kafin wa'adin feshi ya ƙare.

Mata suna da nasu ƙarin. A wani bincike da aka wallafa a 2010 kan mata 150 masu aikin gona a Kalifoniya, kashi 80 cikin ɗari sun ce an taɓa cin zarafinsu ta hanyar neman lalata a wurin aiki. Mutumin da ke neman matar shi ne mai ba ta aiki, shi ne mai motar da za ta kai ta gona, wani lokaci shi ne mai ɗakin da take kwana.

Ƙarshen wannan tsani kuwa bauta ce tsagwaronta. A 1997 kotun tarayya ta ɗaure Miguel Flores da Sebastian Gomez shekara 15 kowannensu, saboda tsare ɗaruruwan ma'aikata da bakin bindiga a Fulorida da Karolina ta Kudu. A 2007 wasu ma'aikata suka fasa rufin motar ɗaukar kaya da ake kulle su ciki da dare, a tsakiyar Immokalee, suka tsere. Shari'ar da ta biyo baya ta bayyana cewa ana ɗaure wasu da sarƙa, ana kuma rubuta musu bashin dala biyar idan suka yi wanka da tiyo. An ɗaure 'yan'uwa biyu, Cesar da Geovanni Navarrete, shekara 12 kowanne a 2008. A shari'o'i irin waɗannan da ƙungiyar ta taimaka wajen bankaɗowa, an 'yanta mutum fiye da dubu.

Ina doka take?

Tambaya ce da ta dace, amsarta kuma tana cikin tarihi. Dokar 1935 da ta ba ma'aikatan Amurka 'yancin kafa ƙungiya da yin ciniki da iyayen gidansu, da dokar 1938 da ta tsayar da mafi ƙarancin albashi, duk sun tsame masu aikin gona. 'Yan majalisar jihohin kudu ne suka dage a kan haka, domin a lokacin galibi baƙar fata ne ke wannan aiki a can. Sai a 1966 aka shigar da wasu ma'aikatan gona cikin dokar albashi. Ƙa'idar da ta wajabta ruwan sha da banɗaki da wurin wanke hannu a gona ba ta fito ba sai 1987, kuma ta shafi gonaki masu ma'aikata 11 zuwa sama ne kawai.

Ko dokar da ke akwai, sai an kai ƙara take motsi. Sufetoci kaɗan ne, gonaki kuma ba iyaka. Wanda ya kai ƙara yau, gobe ɗan kwangila zai tsallake shi a fili, shari'a kuma tana iya cin shekaru, alhali shi kakar wata shida ya zo yi. Ga kuma dabarar da ta daɗe: kamfanin noma ya ce ma'aikatan ba nasa ba ne, na ɗan kwangila ne. Idan abu ya ɓaci, ɗan kwangila ya ɓace, kamfani ya wanke hannu.

Daga ƙofar mai gona zuwa ƙofar mai saye

Ƙungiyar 'yan ƙwadagon Immokalee, wadda ake kira CIW, ta fara ne a 1993, da 'yan mutane ƙalilan masu taruwa a wani ɗaki da cocin Katolika na garin ya ara musu. Cikin waɗanda suka kafa ta akwai Lucas Benitez, wanda ya zo daga jihar Gerero ta Meziko yana matashi, da Greg Asbed da Laura Germino. 'Yan Haiti da 'yan Gwatamala da ke cikinsu sun zo da wata hanya ta wayar da kai daga ƙungiyoyin manoman ƙasashensu: a kafa zane a bango, ko a yi ɗan wasan kwaikwayo, a tambayi jama'a me suka gani, a bar su su kai kansu ga amsa. Hanya ce da ba ta buƙatar iya karatu, kuma ta haɗa mutanen da ba sa jin harshen juna.

Shekarun farko da masu gona aka yi ta fama. An yi yajin aiki a 1995. Daga ƙarshen 1997 zuwa farkon 1998 mutum shida suka shiga yajin cin abinci da ya kai wata guda. A 2000 aka yi tattakin mil 234 daga Fort Myers zuwa Orlando. An samu ɗan ƙarin lada, duka ya ragu, amma masu gona sun ƙi zama teburi guda da ma'aikata.

Daga nan ne ƙungiyar ta sake lissafi, kuma a ganin mai wannan maƙala wannan lissafin shi ne gudummawarta mafi girma. Ta lura cewa mai gona ma a matse yake. Manyan kamfanonin abinci suna sayen tumatir da yawan da ya ba su ikon yanka farashi yadda suke so. Mai gona ba zai iya rage kuɗin man dizal ko na taki ko na tarakta ba, don haka sai ya rage daga inda ba za a yi masa gardama ba, wato ladan ɗan ƙwadago da ruwansa da inuwarsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Gardin nan kuwa yana da abin da yake tsoron ya ɓaci, wato sunansa a idon masu saye.

A 2001 aka ƙaddamar da ƙaurace wa Taco Bell, ɗaya daga cikin waɗannan manyan kamfanoni. Ɗalibai suka karɓi kiran a jami'o'i, coci-coci suka mara baya. A watan Maris na 2005 uwar kamfanin, Yum Brands, ta amince ta ƙara santi ɗaya kan kowane fam na tumatir, kuɗin ya tafi kai tsaye ga masu tsinka. McDonald's ya bi a 2007, Burger King da Subway da Whole Foods a 2008. Santi ɗaya kamar ba komai ba ne, amma a bokiti mai fam 32 santi 32 ke nan kan ladan da bai kai santi 50 ba.

Ƙungiyar masu noman tumatir ta Fulorida ta yi tsayin daka. Har ta yi barazanar cin tarar dala 100,000 ga duk ɗanta da ya yarda ya miƙa wa ma'aikata kuɗin, sai ya zamana kuɗin yana taruwa a asusu ba ya isa hannun masu shi. Katangar ta tsage a watan Oktoba na 2010, lokacin da kamfanin Pacific Tomato Growers ya sa hannu shi kaɗai. Wata guda bayan haka ƙungiyar masu noman gaba ɗayanta ta amince. A 2011 shirin da aka raɗa wa suna Fair Food, ma'ana abincin da aka samar da adalci, ya fara aiki a kusan kashi 90 cikin ɗari na noman tumatir na jihar. Walmart ya shigo a watan Janairu na 2014.

Yadda abin ke aiki a cikin gona

Kundin ƙa'idojin shirin ma'aikata ne suka tsara shi, kuma mai karanta shi zai gane haka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Lauyan da bai taɓa saɓa bokiti ba zai yi wuya ya tuna da maganar tozo, amma kundin ya tsayar cewa bokiti ya cika idan tumatir ya zo daidai baki, har da hoton yadda cikakken bokiti yake. Wannan kaɗai ƙarin lada ne, kuma ya kashe abin da ya fi haddasa faɗa a gindin mota. An wajabta na'urar buga kati, katin kuma a hannun ma'aikaci, don a daina cinye masa sa'o'in da yake zaune yana jiran raɓa ta bushe. An wajabta rumfar inuwa kusa da inda ake aiki, da ruwa mai tsabta, da banɗaki. Wanda ya ga hadari da tsawa, ko ya ji ana feshi kusa, ko jikinsa ya gaya masa zafi ya yi yawa, yana da ikon ajiye aiki ba tare da an hukunta shi ba. Kowace gona za ta kafa kwamitin lafiya da tsaro mai wakilan ma'aikata. Sannan kowane mai tsinka ma'aikacin kamfani ne kai tsaye, sunansa a littafin albashi, don a toshe ƙofar cewa na ɗan kwangila ne.

Rubuta ƙa'ida abu ne mai sauƙi, kamfanoni da yawa suna da irinta a rataye a ofis. Abubuwa uku ne suka raba wannan da waɗancan.

Na farko, ilimi daga baki zuwa baki. 'Yan ƙungiyar, waɗanda su ma tsofaffin masu tsinka ne, suna shiga gonar kamfani a lokacin aiki, a tara ma'aikata, ana biyansu ladan zaman, a yi musu bayanin haƙƙoƙinsu da zane da harshen da suke ji, manaja yana tsaye yana saurare. Tsayuwar manajan nan tana da nauyi, domin a gaban kowa ya ji, ba zai ce gobe bai sani ba. Kowa kuma yana tafiya da ɗan littafi mai ɗauke da lambar waya.

Na biyu, wata majalisa mai zaman kanta da ke Sarasota, wadda aka ɗora tsohuwar alƙaliya daga New York, Laura Safer Espinoza, a kan shugabancinta. Layin wayarta a buɗe yake dare da rana, kuma mai bincike ne ke ɗagawa, da Sifaniyanci ko Kiriyol na Haiti ko Ingilishi. Idan masu bincikenta suka je gona, sukan duba littattafan albashi, su kuma zanta da aƙalla rabin ma'aikatan da ke wurin. Hikimar wannan adadi ita ce, idan mutum biyar aka yi magana da su, ɗan kwangila zai san wanda ya tona shi, idan kuwa rabin gona ne, ba shi da wanda zai nuna da yatsa. Yawancin koke-koke ana warware su cikin kwanaki ko 'yan makonni, mai koken yana nan bai bar garin ba.

Na uku shi ne haƙorin shirin. Kamfanonin da suka sa hannu sun ɗaure kansu da yarjejeniyar da kotu za ta iya tilastawa, cewa ba za su sayi tumatir daga gonar da aka dakatar ba. Bauta ko sa yara aiki na jawo dakatarwa nan take. Mai kula da aikin da aka tabbatar ya yi duka ko ya taɓa mace, dole a kore shi, kuma ba zai samu aiki a wata gonar shirin ba har wa'adin da aka yanka masa ya cika. Idan kamfani ya ƙi korarsa, ya rasa Walmart da McDonald's da sauransu a rana guda, ga tumatir ba ya jiran shari'a, ruɓewa yake yi. Mai gonar da dā yake kau da kai daga halin ɗan kwangilarsa, yanzu shi ne mai sa masa ido.

Kuɗin santi ɗayan da ya shiga aljihun ma'aikata tun 2011 ya haura dala miliyan 30. A 2015 fadar shugaban Amurka ta ba ƙungiyar lambar yabo kan yaƙi da safarar mutane, kuma a shekarar ne shirin ya bi ma'aikata zuwa gonakin bazara na Jojiya da Karolina da Bajiniya har New Jersey.

Akwai wani ɓangare da ba ya cikin yarjejeniya amma shi ke riƙe da ita. Tun 2003 ƙungiyar take da ƙaramin gidan rediyo, Radio Conciencia, mai watsa shiri da harsunan ma'aikatan. Da shi aka gargaɗi mazauna gidajen tirela lokacin guguwar Wilma a 2005. Da annobar korona ta shigo a 2020, ta tarar da mutane goma ko fiye suna kwana a tirela guda suna shiga bas guda, ƙungiyar ce ta yi ta kira har Likitocin Na Gari Na Kowa, waɗanda aka saba gani a fagen yaƙi, suka zo Immokalee yin gwaji. Daga baya ƙungiyar Partners In Health ta horar da 'yan garin suna bi gida-gida. An buɗe musu ƙofa ne saboda fuskokin sanannu ne.

Inda hannun bai kai ba

Shirin yana kare dubban ma'aikata a ƙasar da masu aikin gonarta suka haura miliyan biyu. Manyan masu saye irin su Publix da Wendy's sun ƙi shiga duk da shekarun da aka yi ana tattaki zuwa ƙofarsu, kuma tumatirin da suka saya ba ya ɗauke da santi ɗayan. Noman Fulorida kansa yana ja da baya a gaban tumatirin Meziko tun bayan yarjejeniyar cinikin da ta shafi ƙasashen biyu ta fara aiki a 1994. A wajen shirin kuwa tsohon hali yana nan: a watan Nuwamba na 2021 masu gabatar da ƙara na tarayya a Jojiya suka tuhumi mutum 24 da tilasta wa 'yan ci-ranin da suka shigo da bizar aikin gona haƙar albasa da hannu kan santi 20 a bokiti, har aƙalla mutum biyu suka mutu.

Tsarin yana kuma da sharaɗin da ba ko'ina ake samunsa ba: masu saye 'yan kaɗan, manya, masu sunan da suke kishi. Shi ya sa ya yi tsiro a gonakin madara na jihar Vermont, inda ƙungiyar Migrant Justice ta ƙulla irin wannan yarjejeniya da Ben & Jerry's a 2017, da kuma masana'antun ɗinki na Lesotho a 2019. Inda tumatir ke fita a kwando, ya bi ta hannun dillalai zuwa dubban masu tebur, babu ƙofa guda da za a ƙwanƙwasa. Abin da ake iya ɗauka zuwa irin wannan wuri shi ne sauran kayan aikin: ƙa'idar da masu aikin suka tsara da bakinsu, koyarwa daga ɗan'uwa zuwa ɗan'uwa, da wurin kai kuka wanda ba ya hannun mai ba da aiki.

Gwajin zafi

Kalifoniya ce ta fara kafa dokar kare ma'aikatan waje daga zafi a 2005, bayan mace-macen da aka yi a gonakinta a bazarar shekarar. Ko da dokar, a watan Mayu na 2008 wata yarinya 'yar shekara 17 mai juna biyu ta yanke jiki ta faɗi a gonar inabi kusa da Stockton bayan sa'o'i tana aiki nesa da ruwa, ta rasu bayan kwana biyu. Fulorida kuwa ba ta da irin wannan doka ko a takarda.

A 2021 ƙungiyar CIW da majalisar sa ido da masu gonakin shirin suka zauna suka ƙara babi a kundinsu. A watannin zafi, kowane rukunin masu tsinka zai tsaya hutun minti goma bayan kowace sa'a biyu, kuma dole ne, kowa da kowa lokaci guda. Ma'aikatan ne suka san dalilin da ya sa sai an ce dole. Idan aka bar hutu ga wanda ya ga dama, mai aikin jinga ba zai ajiye bokiti yana kallon na kusa da shi yana tara alamu ba. An ƙara da sa ido na musamman kan sababbin zuwa, domin a kwanakin farko, kafin jiki ya saba, aka fi faɗuwa, da horar da masu kula da aiki su gane alamun bugun zafi su kuma san abin yi kafin motar asibiti ta iso.

Shekara biyu bayan haka, 'yan ƙwadagon gundumar Miami-Dade, ƙarƙashin wata ƙungiya mai suna WeCount, suka matsa wa majalisar gundumarsu ta yi dokar ruwa da inuwa da hutu ga masu aikin gona da gini. Maganar ta yi nisa har ta kai gaban kwamishinoni. Kafin a yanke, majalisar dokokin jiha ta zartar da ƙudurin da ya haramta wa kowace gunduma ko birni a Fulorida kafa ƙa'idar zafi ga masu ɗaukar ma'aikata. Gwamna Ron DeSantis ya sa hannu a watan Afrilu na 2024, dokar ta fara aiki ranar 1 ga Yuli, a tsakiyar bazara.

Dokar ta ɗaure hannun gundumomi, amma ba ta da ta cewa kan yarjejeniyar da ke tsakanin ma'aikata da masu saye da masu gona. A wannan bazarar, gonakin da ke cikin shirin sun ci gaba da tsayar da aiki duk bayan sa'a biyu, masu tsinka su ajiye bokiti su nufi rumfa. A gonar da ke maƙwabtaka da su wadda ba ta shiga ba, hutu yana nan a hannun ɗan kwangila.